Giyabos Yana Ƙasa: Aikin da Kulocin Mai Yake Buƙata Kafin a Rufe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gyaran kulocin da ke aiki da mai a daidai lokacin da aka sauke giyabos. Ta bi man daga feda har zuwa boris, ta bambance motocin da silindarsu ta ƙasa take a waje da waɗanda tasu take ɓoye a cikin ƙoƙon giyabos, ta kuma tsaya a kan dalilin da yake sa tsohuwar silinda ta fara yoyo jim kaɗan bayan an ɗaura sabon faranti. Matsayinta shi ne duk wani abu da hannu ba ya kaiwa sai an sauke giyabos, a ranar ya kamata a yanke masa hukunci, ko da bai nuna alamar lalacewa ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ana sauke giyabos ɗin Volkswagen Sharan, motar da direbobin tasha suke kira Sharon, ya san aikin yana cin jiki. Sai an cire batir da mazauninsa, a tsiyaye man giya, a kwance tayoyin gaba, a zare shaf biyu masu juya su, a cire kik, a tallafe inji ta sama ko ta ƙasa, sannan mutum biyu ko uku su rungumi ƙarfen su janyo shi a hankali. Idan an fara da safe, da wuya a gama mayarwa kafin la'asar. Abin da aka shiga nema bayan duk wannan wahala faranti ne wanda faɗinsa bai kai na faifan tuwo ba.

A nan ne ake yin wata gajeriyar magana da ake maimaitawa a garejin Kano da Kaduna da Maraɗi kusan kowace rana. Bakanike ya leƙa cikin ƙoƙon giyabos, ya taɓa boris ɗin da ke haɗe da silindarsa, ya ɗago kai.

"Alhaji, wannan ma gara a sake shi tun da mun buɗe."

"Yana yoyo ne, Oga?"

"A'a, bai fara ba tukuna."

"To mayar da shi haka. Faranti na zo canzawa."

Ba rowa ce ta sa mai mota ya faɗi haka ba. Ya riga ya biya kuɗin faranti da murfi, motar ta yi yini ba ta yi lodi ba, kuma ido bai nuna masa wata ɓarna ba. Amma sau da yawa ba a daɗewa sai feda ta bi ƙafa zuwa ƙasa a tsakiyar gosulo, ta ƙi dawowa, mai yana ɗiga daga gindin ƙoƙo. Sai a sake sauke giyabos, a sake biyan kuɗin aiki, wani lokaci har a sake sayen faranti domin mai ya jiƙa sabon. Wannan asara ta biyu ita ce abin da ya dami marubucin maƙalar nan, domin ana iya guje mata.

Hanyar da mai yake bi

Tushen aikin tsohon ilimi ne. Blaise Pascal, masanin Faransa da ya rasu a 1662, ya bayyana cewa ruwan da aka kulle a rufaffen wuri, idan aka matsa shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. An buga littafinsa kan haka a 1663. Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsi mai aiki da ruwa a 1795. Motoci sun fara cin gajiyar abin ta ɓangaren birki, inda Duesenberg ta Amurka ta fito da mota mai birkin mai a ƙafa huɗu a 1921, daga baya dabarar ta shigo kuloci. Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, da kulocin mai take aiki, kuma a kanta tsofaffin kanikawan Arewa da dama suka koyi cire iska.

Silinda biyu ne ginshiƙin tsarin. Ta sama tana manne da bangon da ya raba direba da inji, feda tana tura fistin ɗinta. Kanikawa suna ce mata kulocin sama. Ta biyun, kulocin ƙasa, ita ke karɓar man ta bututun ƙarfe da guntun tiyon roba, ta tura boris, boris ya danna yatsun sifirin ɗin murfi, murfi ya saki faranti, inji ya rabu da giya. Sunan da Faransawa suka ba su ya fi bayyana aikinsu: mai aikawa da mai karɓa.

Lissafi ɗaya ya isa a ga yadda ƙarfi yake ninkuwa. A ɗauki silindar sama mai faɗin milimita 15.87 da ta ƙasa mai milimita 20.64, awon da ake yawan samu a motocin Toyota. Faɗin ta ƙasa ya ninka na ta sama sau 1.3, fuskar fistin ɗinta kuwa ta ninka sau 1.69. Idan an ƙaddara feda tana ninka ƙarfin ƙafa sau 6, to nauyin kilo 15 da direba ya ɗora ya zama kilo 90 a silindar sama, ya kai kimanin kilo 152 a ta ƙasa, tun kafin ƙarfen nan mai gwafa, wato fok, ya ƙara nasa. Sai dai abin da aka samu a ƙarfi, a tafiya ake biyansa. Feda tana tafiyar kusan taƙi guda, boris yana motsa 'yan milimitoci, murfi kuwa ɗagawar da yake yi daga jikin faranti ba ta wuce milimita biyu ba. Saboda haka ƙwayar iska guda a bututu, ko roba mai zurarar da mai kaɗan, ta isa ta cinye wannan ɗan tazarar, giya ta fara ƙara idan za a sa ribas.

Ta waje da ta ciki

A 504, da tsofaffin Hilux da Hiace, kulocin ƙasa a waje yake, a ɗaure a jikin ƙoƙo. Idan ya yi yoyo ana ganinsa, yaron gareji ma yana iya canza shi kafin shayi ya huce. Masu ƙera motoci daga baya sun haɗe silinda da boris wuri guda, suka mayar da su zobe mai kewaye sandar da ke shiga giyabos, suka jefar da fok da mazauninsa. Kayan sun ragu, feda ta yi laushi, harhaɗawa a masana'anta ta yi sauƙi. Irin wannan silinda ta ciki ce a Sharon da 'yar'uwarta Ford Galaxy, ita ce a Opel Vectra B da Astra G da Zafira, ita ce kuma a Ford Focus. Waɗannan kuwa su ne motocin da suka cika tashoshi da titunan Arewa, mafi yawansu sun iso ne bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai.

Sauƙin da masana'anta ta samu, mai mota ne yake biyansa ranar gyara. Ko a ƙasashen da aka ƙera motocin an yi wannan kuka: Jeep ta sa silindar ciki a Wrangler daga 1987 zuwa 1993, sai ta koma ta waje a 1994. Saab 900 ta farko kuwa, ko da yake silindarta zobe ce, an juya injinta ta yadda kuloci ya koma gaban mota, ana canza shi ba tare da an sauke giyabos ba. Waɗannan tsiraru ne. Ga sauran, robar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba tana nufin aikin yini guda.

Dalilin da sabon faranti yake tona asirin tsohuwar silinda

Masu motoci da yawa suna zargin bakanike da cewa shi ya ɓata silinda, tun da lafiya take kafin ya taɓa. Bayanin yana cikin yadda kuloci yake cinyewa.

Faranti yana sirancewa da aiki. Duk lokacin da ya ragu, murfi yana ƙara matsowa kusa da filawil, yatsun sifirin kuma suna ɗagowa baya, wajen giyabos, suna tura fistin ɗin silinda zuwa ciki. Shekara da shekaru robar fistin tana kai da kawowa a wannan wuri na ciki, ta goge shi ya yi santsi, ta saba da shi. Ɓangaren gaba na silindar kuwa, wanda robar ta daina isa, ya zauna yana tara baƙar ƙurar faranti da ƙurar hunturu da tsatsa. Ranar da aka janye giyabos, sifirin ɗin da ke cikin silinda ba ya samun abin tokara, sai ya turo fistin har ƙarshe, ya ja tsohuwar roba ta bi ta kan wannan datti. Idan aka ɗaura sabon faranti mai kauri, yatsun murfi suna komawa wajen inji, fistin ya koma aiki a daidai wurin da ya yi kaushi. Robar da zafi ya riga ya busar ba ta jure wannan gurza. Wata ta yi mako, wata ta yi wata biyu, amma ƙarshenta ɗaya ne.

Wannan ne ya sa manyan masu ƙera kuloci irin su LuK da Sachs na Jamus da Valeo na Faransa suke sayar da saiti mai faranti da murfi da silindar ciki a kwali guda, suke kuma ba da shawarar a canza su tare. Bushewar tsohuwar silinda a ranar da aka buɗe ba shaida ba ce cewa za ta zauna da sabon faranti lafiya.

Akwai wani kuskure mai kama da wannan da ake yi da kyakkyawar niyya. Tsohon giyabos ɗin Beljiyam da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, ko aka aiko daga Ladipo, yakan zo da silindarsa a ɗaure. Giyabos ɗin kansa yana iya zama gangariya, domin haƙoran ƙarfe ba sa tsufa a ajiye. Silindar kuwa ta yi watanni a kwantena da rumfa, bakinta a buɗe, fistin a miƙe, guntun man da ya rage a ciki yana shan raɓa. Kyauta ce da ba a so a karɓa. A kwance ta a ajiye gefe.

Abin da ake yi kafin a rufe

Aikin farko shi ne karanta abin da ke cikin ƙoƙo kafin a wanke shi. Jiƙa iri uku ce take taruwa a wurin, kowace da inda ta fito. Baƙin mai mai kauri a bayan filawil daga sil ɗin bayan karanshaf yake. Mai warin ƙibiritu da ke bin sandar giyabos man giya ne, sil ɗin sandar ya gaji. Man kuloci kuwa tsinkakke ne, kuma akwai gwaji mai sauƙi: a lakato shi a ɗiga a ruwa. Shi yana narkewa a ciki, sauran biyun suna tasowa sama. Bakaniken da ya watsa fetur ya wanke kafin ya duba ya goge shaidar da hannunsa. Sil biyun nan ba su da tsada, kuma su ma ba a isa gare su sai irin wannan rana. Idan ɗaya ya nuna danshi, ko motar ta yi tafiya mai nisa, sai a canza.

Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da iskar famfo ko da baki. Tsofaffin farantai, da wasu masu arha da ba a san inda aka yi su ba, suna iya ƙunsar asbestos, wanda yake lalata huhu bayan shekaru. Yaran gareji su ne suke kwance a ƙarƙashi suna shaƙa. Tsumma mai danshi ya wadatar.

Daga nan sai filawil. Idan dunƙulalle ne, ana duba tsaga da tabon zafi mai shuɗi, a kai shi a share fuskarsa idan ya yi kwari. Amma sharewa tana da iyaka, kuma a mota mai silindar ciki iyakar ta fi tsanani: duk abin da aka kankare yana nisanta murfi daga boris, fistin ya ƙara miƙewa fiye da yadda aka tsara masa. Idan kuwa filawil ɗin mai ɓari biyu ne, irin wanda LuK ta fito da shi a 1985 domin rage girgiza, ba a share shi sam. Ana juya ɓarin gaba da hannu a ji yawan wasansa, a girgiza shi a ga ko yana rawa, a duba ko giris yana fita. Wanda ya yi sako-sako yana jijjiga boris har ya kashe sabuwar silinda.

A motocin da silindarsu take waje, abin dubawa a ciki shi ne fok da ƙwallon da yake juyawa a kansa da bututun da boris yake zamewa a kai. Fok yana tsagewa a daidai wurin ƙwallon, bututun kuma yana yin zazzaga. Idan suka yi tauri, direba yana ƙara ƙarfin ƙafa, matsin mai ya ƙaru, robobin silinda biyu su gaji da wuri. An sha canza kulocin ƙasa sau biyu sau uku alhali ciwon yana kan busasshen ƙwallo.

Sabuwar silindar ciki tana da nata ladabin. Mutane suna son su matsa ta da hannu a shago su ji ƙarfin sifirin. Masu ƙera ta sun hana haka, domin robar a bushe take ko da ɗan man ajiya, matsawar tana iya naɗe leɓenta. Ana goge mazauninta tsaf, a zaunar da ita daidai ba karkace ba, a ɗaure notinta kaɗan-kaɗan bi da bi gwargwadon awon da kamfani ya bayar, domin jikinta alminiyam ne ko roba mai tauri, ƙarfin damtse yana fasa shi. Ƙaramin zoben roba da ke bakin bututu sabo ake sawa, a kuma tabbata tsohon bai maƙale a ciki ba. Zobe biyu a rami ɗaya suna iya barin mai ya shiga su hana shi komawa, fistin ya yi ta gaba har ya fashe.

Doka mafi muhimmanci a wannan mataki ita ce kada kowa ya taka feda matuƙar silindar tana haɗe da bututu kuma giyabos bai koma mazauninsa ba. Babu abin da zai tare fistin, taku ɗaya ya isa ya fitar da shi daga ramin. Ogan da ya san aiki yakan sa katako a ƙarƙashin feda, ko ya kulle ƙofar direba, saboda yaron da zai shiga ɗauko sifana.

Giris kaɗan ake shafa wa haƙoran sandar giyabos, a zura faranti a zare sau biyu, a goge abin da ya taru a baki; wanda ya yi yawa juyawa tana watsa shi kan faranti. Ana duba rubutun da ke jikin faranti mai nuna fuskar da take kallon giyabos. Ana daidaita tsakiyarsa da sandar saiti, ko da tsohuwar sandar giyabos da aka yanke, wadda kusan kowane tsohon gareji yana da irinta a akwati. Wajen mayarwa, ba a barin nauyin giyabos ya rataya a kan faranti, ba a kuma janyo shi da noti idan ya ƙi shiga. In ya tsaya saura ɗan yatsa, wani abu ne bai hau ba. A ja baya a sake.

Sama ma tana cikin lissafi

Silindar sama da ta ƙasa tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha. Sabuwar ƙasa mai riƙe matsi sosai takan fito da raunin tsohuwar sama. Alamarta biyu ce. Ko dai ta yi yoyo ta baya, a ga danshi a saman feda da kan kafet, ko kuma ta riƙa zurarar da mai a cikinta ba tare da ɗigo ko ɗaya ya fito ba. Ta biyun ce mai ruɗarwa: tanki a cike, ƙasa a bushe, amma idan direba ya sa giya ya riƙe feda a danja, sai motar ta fara rarrafe da kanta.

Lokacin da giyabos yake ƙasa dama ce ta gwada ta ita kaɗai. A toshe bakin bututun da ya sauko da marfi mai ƙarfi, a cire iskar da ke ciki, a danna feda da hannu a hankali. Idan ta yi tauri nan da nan ta tsaya, sama da tiyo suna da lafiya. Idan ta ci gaba da nutsewa, robar sama ta tafi. Idan kuma tiyon roba yana kumbura a tafin hannu yayin da ake dannawa, shi ne yake shanye tafiyar. Tsohon tiyo yana kuma iya ruɓewa ta ciki ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, feda ta riƙa dawowa da nawa.

Inda sandar feda take da zaren saiti, dole a bar mata ɗan wasa. A cikin silindar sama akwai ƙaramar kafa da take buɗewa idan feda ta dawo, mai ya koma tanki. Idan aka ɗaure sandar har fistin ya rufe kafar, mai yana zafi ya kumbura ya rasa hanya, ya riƙa danna boris ko ƙafa ba ta kan feda. Sabon faranti ya fara sulɓi a hawan tudu, a ce jabu ne, alhali saiti ne.

Mai da iska

Man birki ne kulocin waɗannan motoci yake sha, kuma lambar DOT da ke jikin gwangwani ta ma'aikatar sufuri ta Amurka ce. Ƙa'idarta mai lamba 116 ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuwa 230. Idan ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a ciki, awon yana sauka zuwa 140 da 155. Man yana jan danshi daga iska da kansa, shi ya sa kamfanonin Turai da yawa suka ce a canza shi duk shekara biyu. Gwangwanin da aka huda da ƙusa aka ajiye a kan benci tun farkon damina ya riga ya sha ruwa kafin a zuba shi. A kuloci, babbar ɓarnar ruwan tsatsa ce a cikin silinda, kuma dattin da ya taru ƙasa yake gangarawa, inda sabuwar silinda take zaune. Don haka ana tura sabon mai ta cikin bututu har ya fito fari tas kafin a haɗa shi da ita.

DOT 3 da 4 da 5.1 dangi ɗaya ne. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Babban maƙiyin tsarin kuwa shi ne duk man da aka tace daga ɗanyen mai: baƙin mai, man sitiyari, man giya, fetur, kananzir, giris na yau da kullum. Robobin kuloci da na birki ba sa jure su, suna kumbura su yi laushi. Al'adar wanke kayan silinda a kwanon fetur, da ta zuba mai da mazurarin da aka auna baƙin mai da shi, sun kashe robobi masu yawa da aka ɗora wa laifin rashin inganci. Da sabon man birki ake wanke su. Ruwan sabulun da wasu direbobi suke zubawa idan mai ya ƙare musu a daji yana iya kai mota gari, amma idan ya kwana a ciki tsatsa ta samu gida, kuma a motar da tankinta ɗaya ne da birki, rayukan fasinja aka sa a ciki.

Wannan tanki na tarayya yana da wata dabara da take wahalar da masu koyo. A Sharon da Vectra da Focus, bakin da yake ba kuloci mai yana sama da na birki, da gangan, domin idan kuloci ya yi yoyo kada ya tsiyaye man birki. Wajen cire iska, mai yana iya sauka ƙasa da wannan baki alhali ido yana ganin tanki da saura. Sai a yi ta bugu ana jan sabuwar iska, awa guda ta wuce feda ba ta zo ba. Maganin shi ne a riƙe tanki a cike har wuya tun daga farko zuwa ƙarshe.

Cire iska na mutum biyu kowa ya san kiransa. Oga yana ƙasa da sifana a kan nonon silinda, yaro yana kan kujera. "Taka. Riƙe. Ka riƙe?" "Na riƙe, Oga." Ya buɗe, mai da kumfa su fito, ya rufe. "Saki a hankali." Kuskuren da ake yi shi ne bugun sauri irin na birki, sau goma a jere. Wannan yana farfasa iska ta zama kumfa mai laushi da ba ta fita, kuma yana iya tura fistin ɗin silindar ciki fiye da iyakarsa. Taku ɗaya mai nutsuwa, a jira, a ɗago feda da hannu idan ta ƙi tasowa. Inda bututu ya yi lanƙwasa sama, iska takan maƙale a ƙololuwa ta ƙi sauka. A nan sirinji babba da siririn tiyo suna aikin da ƙafa ta kasa: a tura mai daga nonon ƙasa zuwa tanki, iska ta bi hanyar da ta fi so, wato sama. A lura kada tanki ya tumbatsa, domin man birki yana cin fenti.

Maganar kuɗi da gwajin ƙarshe

Gardamar da aka kawo a farko tana tasowa ne saboda an yi ta a makare, mota a buɗe, aljihu ya riga ya yi sauƙi. A ganin marubucin, nauyin yana kan bakanike, domin shi ya san irin silindar da motar take da ita tun kafin ya ɗauki sifana. Kamata ya yi lissafin farko ya ƙunshi faranti da murfi da silindar ciki da sil biyu da sabon gwangwanin mai, a kuma gaya wa mai mota cewa filawil da silindar sama sai an buɗe za a sani. Wanda ya ji jimillar tun a gida yana iya jinkirta aikin mako guda ya haɗa kuɗi. Idan duk da haka ya zaɓi a mayar da tsohuwar, to ya zaɓa yana sane. Masu koyar da gyaran mota a kwalejojin fasaha, da shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA, suna da hanyar mayar da wannan ya zama al'ada a tsakanin masu tasowa.

Kasuwa ma tana buƙatar ido. Kwali mai sunan babban kamfani ba shi ne shaida ba, domin ana buga kwalin jabu. A kwatanta sabuwar silinda da tsohuwar gefe da gefe: tsayinta, ramukan noti, siffar bakin bututu, faɗin fuskar boris. Mota ɗaya tana iya zuwa da giyabos iri biyu, mai giya biyar da mai shida, kowanne da silindarsa, kuma motar da aka taɓa canza wa giyabos ba lallai ta dace da abin da takardunta suka ce ba.

Gwaji yana farawa tun kafin a mayar da shaf da tayoyi. Da zarar giyabos ya zauna an ɗaure shi, sai a haɗa bututu, a cire iska, a taka feda a riƙe na minti guda, a haska gindin ƙoƙo da tocila. Idan akwai matsala, noti kaɗan ne tsakanin bakanike da ita. Bayan an gama haɗawa an zuba man giya, a tayar da inji, a taka feda har ƙasa, a ƙirga uku, a sa ribas. A yawancin waɗannan motoci ita ce giyar da take fara ƙara idan faranti bai saki sosai ba. Sai a fita da motar har ta yi zafi, a ja ta a tudu da babbar giya a ji ko inji yana gudu ya bar mota, a dawo a sake duba tanki. A ƙarshe a ja layi da alli ko maka a jikin tankin daidai inda mai ya tsaya, a ce wa direba ya biyo da motar bayan kwana uku a duba layin tare.